Bangon da ya ci burtali

Litinin, 8 ga Mayu
Na rufe baka ta biyu, lanƙwasar da ke ɗauke da rufi. Ɗakin nuna zane na Malama Salamatou ya fara kama da ɗaki. Tubali da azara, ba siminti. Tagogi ƙanana can sama ta arewa, don kada rana ta ci launin zanen matan gari da fatun da za a rataya. Ta ce ko a Tawa babu irinsa.

Laraba, 10 ga Mayu
Almustafa makiyayi ya tsaya da shanunsa. "Attahir, bangonka na gabas ya ci burtali." Na ce shekara talatin ina gini, ba mai bin jelar saniya zai koya mini awo ba.

Asabar, 13 ga Mayu
Bijimin Almustafa ya gogi bangon, ɗanye. Baka ta rufto a gabana. Aikin kwana tara.
Ban san sanda na ɗauki diga ba. Na maka masa ƙotar a goshi, jini ya jiƙa rawaninsa. Ya durƙusa, na ƙara masa a kafaɗa. Na ji ƙarar ƙashi. Malama ce ta rirriƙe ni tana ihu: "Kashe mutum za ka yi don laka?"

Lahadi, 14 ga Mayu
Shi ya ja.

Talata, 16 ga Mayu
'Yan uwansa uku, da sanduna, rana tsaka. Sun kwantar da ni a cikin kwaɓin ƙasa, sun karya mini yatsu biyu na hagu. Ɗayan ya taka mini wuya har na ga duhu. Dattawa suka raba.

Alhamis, 18 ga Mayu
Malama ta ce ta fasa. Wai ba ta rataya aikin mata a ɗakin da ya sha jini. 

Litinin, 22 ga Mayu
Na ja igiya daga tsohon dutsen iyaka. Taki huɗu na shiga cikin burtali. Ban gaya wa kowa ba.
Da hannu ɗaya na rushe sauran bangon, na ja sabon tushe a lanƙwashe. Wanda ya tambaya, na ce don haske ne.
Almustafa na kwance a Tawa, an ce hannun ba ya ɗaguwa. Indo matata za ta kasuwa can. Na ce ta riƙe masa fura, in hanya ta bi da ita.