Hoton da Na Ɓamɓaro Daga Bangon PZ

Zuwa ga yaron nan,

Gaisuwa mai yawa. Mai rubuta mini wasiƙar nan ya ce ba ta da inda za ta, ba kuma mai karanta ta. Na sani. Na ce ya rubuta abinsa, ai ba shawara na zo nema ba.

Har yau ban huce ba. Ga gona a Samaru, ga garma, ka bar su ka ɗauki bokitin sitaci da tsani kana liƙa hotunan silima a bangon Sabon Gari. Wannan sana'a ce? Na faɗa maka, ka yi dariya. Sanƙarau ya ɗauke ka ba mu gama maganar ba.

Uwarka ba ta gani sosai yanzu. Ƙanwarka Ladi ta haihu a Hanwa, namiji. Sun sa masa sunanka, don haka shi ma ba na iya kiransa. Ɗan fari ne kai, bakina bai taɓa furta sunanka ba. Amma in ka wuce da tsaninka, nakan bi bayanka da ido har ka sha kwana. Ka taɓa lura?

Ga abin da ya kawo ni. Zuwanka gida na ƙarshe ka ba uwarka labarin hoton da ka liƙa a bangon kamfanin PZ: mutum mai malafa bisa farin doki, wuta na ci a bayansa. Ina daga zaure ina ji. Bayan rasuwarka ƙafa ta kwantar da ni har damina ta wuce. Da na miƙe na taka har can, na same shi. Na jiƙa tsumma, na bi shi da wuƙa a hankali, mutane na cewa tsoho ya taɓu. Yana cikin adakata. Shi kaɗai ne abin da hannunka ya taɓa da ya rage mini, tufafinka duk an yi sadaka.

Shekaranjiya abokin aikinka Sande ya zo gaishe mu, na nuna masa. Ya shafa takardar, ya juya bayanta, ya miƙo mini. Sai da na matsa masa sannan ya faɗa. Wai silimar nan sau biyu ta zo Zariya. Hoton zuwan fari takardarsa da kauri, wutar ja wur. Na zuwa na biyu shara-shara ne, wutar kamar ruwan goro, irin wutar wanda ke adakata. Wai kuma ku ba ku cire tsoho, a kansa kuke liƙa sabo. Kila naka yana ƙasa, na ɗauko na wani na baro ka a bango.

Na koma jiya. An rushe bangon, ana gina kanti.

Na ce Sande ya rantse ba naka ba ne, ya ƙi, wai rana ma tana cinye ja. Na je gidan silimar, akawu ya ce ba su ajiye irin wannan. To wa zan tambaya? Shekarun nan hannun wa nake shafawa?

Ina gafarta maka gonar. Wannan kam ba zan bari ba. Ai ka zo wa uwarka a mafarki, ita ce ta faɗa mini. Ni me na yi? Ka zo, ko tsayawa ba sai ka yi ba. Naka ne ko ba naka ba? Ka amsa mini.

Allah ya sanyaya makwancinka.

Ni ne ubanka,
Nomau na Samaru