Sunana a Layin Godiya

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana hawa bene ba mai riƙe ta.

Auta, raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi. Na ga takardar bincikenmu da kuka aika wa mujalla. Wajen marubuta daga kai sai farfesanka, ni kuwa an jefa ni can ƙasa a layin godiya, tare da waɗanda suka ba ku aron kwamfuta. Haba!

Ka manta inda kuka maƙale ne? Kuna neman dalilin da ya sa ƙwayar zarra guda ta fi sauran rashin nauyi, a tsarin da ƙarfin da ke ɗaure ƙwayoyin kusan ba ya canzawa, ko daga kusa aka auna ko daga nesa. Kuka watsar da masu nauyin, wannan daidai ne, haka aikin yake. Amma kuka haɗa da guntun lissafin da ke ɗauke da ɗan canjin nan, wai ya yi ƙanƙanta. Sai ƙwayar ta fito muku ba nauyi ko kaɗan, ta ƙi dacewa da abin da kwamfuta ta bayar. Ni na tsaya gaban allon ofishina, fanka a mace, alli har a gyalena, na mayar da guntun lissafin gurbinsa, kana kallo ta waya kana ta rantsuwa na cece ku.

Yanzu kuma ka aiko min saƙo wai farfesa ya ce sunan mahaifi ɗaya sau biyu a takarda zai zama kamar alfarma ka yi wa 'yar'uwarka. Alfarma! Ni da na koya maka duba agogo? Kuma sarai ka san kwamitin ƙarin girma a wurin aikina ba ya kallon layin godiya. In babu takardar nan, bana ma tsallake ni za a yi.

Ban gaya wa Inna ba. Jiya ta sa na nuna mata shafin a waya, ta shafa sunan marigayi Baba da yatsa, ta tambaye ni ina nawa. Na ce mata ba a gama shiryawa ba. Ka mayar da sunana kafin a buga, Auta, don wallahi ba zan sake yi mata ƙarya saboda kai ba.

Ka gaishe min da matarka da takwarata. Kawu da Goggo suna gaishe ka.

Yayarka, mai jiran amsa.