Hular Yaya Sani

Daren Alhamis, unguwar Sabo, shekara ta biyu da fara yaƙin basasa.

Yau na shiga silima a unguwar Mokola don in huta da tunani, ashe ciwona zan je in kalla. Fim ne na wata mata da bam ya kashe mijinta, kullum tana goge takalmansa. Na fashe da kuka har mutane suka juyo.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Kawu Bala ya tare ni a zaure ya ce, "Namiji da kuka a silima? An yi arba'in ɗin yayanka tuntuni, an raba kayansa, kai ka ɓoye hularsa. Gobe ka kawo ta a ba da sadaka."

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ba zan bayar ba."

Dangi su ce ba ni da tawakkali, su ce. Su likkafani kawai suka gani. Ni na je Ikko ranar da bam ya tashi a tasha, na bi gawarwaki ɗaya bayan ɗaya, kuma da wannan hular na gane Yaya Sani. Gobe da ita zan fita rumfar goro.