Na Ɗaga Hannu a Filin Dambe, Ga Ido Ɗaya Ya Rage Mini

Hajiya Uwa, don Allah ki taimake ni da shawara, wallahi na gaji.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina damben zamani, na safar hannu. Har na ciwo wa jiharmu lambar tagulla a gasar ƙasa. Yanzu gadi nake yi a jami'a nan Wudil, lambar kuma tana cikin kwallar matata Radiyya tare da katin rigakafin yara. A ƙauyenmu, Utai, ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Wai damben masu matashi a hannu ne, duk wanda bai taɓa kai mutum ƙasa a filin gargajiya ba, ba ɗan dambe ba ne. Shekara nawa ina haɗiye wannan magana!

Satin jiya na je Utai kallon damben kaka. Makaɗi ya hango ni, ya kama sunana da na mahaifina, ya yi ta zuga ni. Ban san sanda na miƙe na ɗaga hannu ba. A wurinsu kuwa wannan alkawari ne. An haɗa ni da Ɗan'auta, wanda ke tashe bana, ranar Juma'a mai zuwa.

Abin da na ɓoye shi ne, idona na hagu ya daɗe da mutuwa, na daman ma likita ya ce naushi ɗaya zai iya tafiya da shi. Ko Radiyya ba ta sani ba. In na fasa, har 'ya'yana sai an yi musu gori. In na shiga, ni kam ban sani ba.

Tsohon ɗan dambe, Sabon Garin Wudil

Ɗan'uwa, na ji zafin da kake ji. Rainin shekara da shekaru ba ƙaramin abu ba ne. Su ma mutanenka ba mugunta suke yi ba, damben da suka sani ke nan, kuma ba su san halin da kake ciki ba.

Fara da Radiyya, yau ɗin nan. Ta fi kowa haƙƙin sani. Gobe ka ɗauki takardar likita ka je wurin sarkin dambe da kanka, kada ka aika. Shi ma Ɗan'auta bai kamata ka bar shi ya makantar da mutum bai sani ba.

Za a yi gori, ba zan ɓoye maka ba, wataƙila har a gama sussukar dawa. Amma cikin masu tafin nan babu wanda zai zo ya riƙe maka sanda ya kai ka masallaci.

Allah ya tsare maka ganinka, ya sanyaya maka zuciya.

Hajiya Uwa