Saƙon Inna da Kyamara Ba Ta Ɗauka Ba

Assalamu alaikum Yaya Sanusi,

Ina gaishe ka da kyau, ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Ya Fatakwal, ya ƙarin haƙurinmu? Mu nan Roni sai godiya.

Ka tambaye ni hotunan Inna. Ƙaramar kyamarar nan mai tsada da ka aiko ba ta da laifi wajen hoto. Ko a duhun ɗaki ta fito da fuskarta tar. Da Inna ta gani cewa ta yi, "Ashe haka na tsufa?"

Sai dai batirinta ba ya jimawa, ga shi a lokacin mun kwana huɗu babu wuta. Kwana biyu kafin rasuwarta ta ce, "Hadiza, kunna abin nan in yi wa yayanki magana." Ta gyara ɗankwali, ta fara ke nan kyamarar ta mutu. Na kasa gaya mata, na ci gaba da riƙewa har ta gama.

Cewa ta yi kada rashin zuwanka ya dame ka, ta yafe maka duniya da lahira.

Ka ci gaba da yi mata addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza