Ƙafata tana jira a asibiti zuwa Juma'a

Zuwa ga Ripeka, mai kula da wannan fili.

Ki agaza mini da shawara, 'yata, ko da yake a shekaruna saba'in da tara ban taɓa roƙon kowa ita ba. Ni ce mace ta farko daga ƙauyenmu na ƙabilar Maori da ta shugabanci ma'aikatan jinya. A zamanina na hana yin karakia, addu'ar kakanninmu, a ɗakin marasa lafiya, domin an koya mini cewa camfi ce. Ƙanena Paratene ma na kore shi daga bakin gadon mahaifiyarmu ranar da za ta cika, don ya zo yi mata karakia. Shekara talatin da ɗaya ke nan ba mu gaisa ba.

Makon jiya ciwon suga ya sa aka yanke mini ƙafar hagu. Likitar, wata Baturiya da na isa in yi jika da ita, ta tambaye ni ko ina so a ba ni ƙafar a binne ta a ƙasar kakanni. Na ce ni mai ilimi ce, su ƙone ta. A ƙofar ɗakin tiyata wani dattijo ya nemi izinin yi mini karakia, na amince don kada in kunyata shi. Da ya fara, likitoci da mataimakansu suka tsaya cak. Kalmomin da kakata take faɗa a bakin kogi ne, ban san suna cikina ba sai da na ji leɓɓana suna binsa. Tsoron da na shigo da shi ya sauka daga ƙirjina.

Da na farfaɗo aka ce an ajiye ƙafar zuwa Juma'a, ko zan sake tunani. Na sake. Amma makabartar danginmu a hannun Paratene take. Da wace fuska zan tunkare shi?

Tsohuwar Ma'aikaciyar Jinya

Uwata,

Abu biyu kika haɗa, ki raba su. Ƙafar tukuna: yau ki gaya wa ma'aikatan ɗakinku kin sake shawara, a rubuta, ki nemi ƙarin kwanaki. Wannan ba ya bukatar yardar kowa.

Batun Paratene kuwa, dokar da aka koya miki kika bi, kuma rayuka da yawa sun tsira a hannunki. Shi kuma an hana shi sallamar uwarsa, kuma wannan ba ya dawowa. Saboda haka kada ki fara masa da zancen makabarta, zai ɗauka bukata ce ta kawo ki. Ki kira shi da kanki, ban da ɗan aike. Ki gaya masa abin da kika ji a ƙofar nan, da cewa yanzu kin san abin da kika hana mahaifiyarku. Idan ya yi shiru, ki bar shi, shi ma ya daɗe yana jira. Idan ya ƙi, dattawan ƙauye suna nan, ƙasar taku ce ku duka.

Ina yi miki fatan rauni ya warke da wuri, kuma muryar ƙanenki ce za ta ja karakia ranar binnewar.

Ripeka