Sabon Hatimin Tokuji

Ota, 3 ga Nuwamba

Abokina Isamu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya gwiwar nan taka da ta fi mai ita ƙorafi? Ka gaishe mini da ’yarka da jikoki. Ni dai ina nan, sanyi ya fara shiga ƙashi, kuma tun rasuwar matata Fumiko babu mai magana a gidan nan sai agogo.

Ka tuna Kalpana, maƙwabciyata ’yar ƙasar Nefal, mai kawo mini miyar da yajinta ke sa ni hawaye? Yau kwana tara da jami'an shige da fice suka tsare ta. Takardar zamanta ce ta ƙare bayan mijinta ya tafi ya bar ta. ’Yarta Rojina, mai shekara huɗu, an kai ta gidan renon yara na hukuma. Jan takalminta yana nan a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a kife. Na kasa gyara shi.

Lauyarta, Malama Sakuma, ta ce ƙa'ida ba ta son a raba ƙaramin yaro da uwarsa muddin akwai wata hanya. Hanyar kuwa ita ce wani ɗan ƙasa ya tsaya mata, a sake ta har a gama shari'arta. Na ce ga ni. Ta dube ni, ta dubi sandata, ta ce, "Baba, ofishinsu da nisa fa." Na ce, "’Yata, miƙo takardar."

Matsalar ita ce hatimi. Ka san a nan takarda irin wannan ba ta tafiya sai da shi, nawa kuwa yana Tokyo a hannun ɗana Noboru. Bara ya karɓe, wai kada ’yan damfara su cuci tsoho. Na buga masa waya, sai ya ce, "Baba, ina ruwanka da baƙi? Sha maganinka ka huta." Ka ji fa! Ni na koya masa rubuta sunan da ke jikin hatimin nan.

Ban haƙura ba.

Naka,
Tokuji

Ota, 17 ga Nuwamba

Isamu,

Ina gaishe ka, ina kuma fata tarin ya sake ka. Wasiƙarka ta iso. Ka ce taurin kaina tun muna aji uku ne. Na yarda, amma kai wa ya taɓa jan ka ka biyu?

Na je wurin mai sassaƙa hatimi a bayan tasha, ya yi mini sabo. Daga nan na wuce ofishin gari, na soke rajistar tsohon, na yi wa sabon. Yanzu abin da Noboru yake ɓoyewa a aljihun tebur guntun katako ne kawai.

Ranar Talata muka tafi ofishin shige da fice da lauya, jirgin ƙasa biyu da mota. Sau uku ina zama a matakala kafin numfashina ya dawo. Jami'in da ya karɓe mu bai kai jikanka ba, kuma ba shi da rashin kunya. Ya ce, "Kaka, shekararka tamanin da biyar. Me ya haɗa ka da matar nan?"

Abin da na faɗa masa ban taɓa faɗa maka ba, Fumiko ma guntunsa ta sani. Bayan yaƙin duniya, da muka taso daga yankin Manchuria za mu dawo gida, ina ɗan shekara shida, aka tsare mahaifiyata a tashar jirgin ruwa saboda zazzaɓi, ni kuma aka sa ni a jirgi. Babu wanda ya yi nufin mugunta, tsari ne kawai. Sai bayan shekara ɗaya da wata huɗu ta gano ni a gidan marayu. Ta zo da gudu ta rungume ni, na fizge, na cije ta a hannu. Wata takwas muka yi tare ban kira ta Mama ba, ina jira fushina ya huce. Kafin ya huce ta rasu.

Na ce wa jami'in yara ba sa ƙirga kwana irin namu. Sai ya turo mini tawada. Na buga, hatimin ya fito sarai.

Yanzu sai jira.

Abokinka,
Tokuji

Ota, 9 ga Disamba

Isamu,

Barka da sanyi, da fatan kowa lafiya. An saki Kalpana jiya.

Tare muka je ɗauko Rojina. A hanya na ce mata, "’Yata, idan kin gan ta kada ki ruga, kada ki kama ta. Ki zauna a ƙasa kurum." Ta ce, "Kaka, ’yata ce fa!" Na ce, "Shi ya sa."

Aka fito da yarinyar, an rage mata gashi. Ta ga uwarta, ta juya mata baya, ta ɓuya a bayan mai reno. Kalpana ta yunƙura, na riƙe gefen rigarta. Ta zauna a kan daɓen katako, ta fara wata waƙa a hankali da yarensu. Ni ma na durƙusa, ban san yadda zan tashi ba. Mun fi rabin sa'a a haka. Can sai Rojina ta fara matsowa da baya da baya, ba ta waiwayo ba, har ta zauna a cinyar uwarta. Ta faɗi wata kalma guda. Ban san yarensu ba, Isamu, amma ba sai an fassara mini ba.

Shari'a ba ta ƙare ba. Duk wata sai Kalpana ta je ta nuna kanta a ofishin, kuma na ce zan riƙa raka ta. Noboru ya kira da faɗa, na ba shi labarin kakarsa tun daga farko. Daga baya sai ya tambayi ranar zuwa na gaba, wai zai kawo mota.

Don haka ka daina yi mini zancen wanda zai riga wani tafiya a cikinmu. Ka yi gaba idan kana sauri. Ni sunana yana kan takarda, ba ni da izinin mutuwa.

Naka har kullum,
Tokuji